Randa a Cikin Kwamfuta: Amsa Kan Ragar Ciki, Tet da Heks

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a kimiyyar kwamfuta a nan Sakkwato. Na ɗauki hotunan wata randa da waya ta kowane ɓangare, na haɗa su a Meshroom, manhajar da ke gina siffa daga hotuna, na sami siffarta ta 3D. Tsayinta santimita 60, faɗinta 50, kaurin bangonta kamar 1.5. So nike in nuna yadda zafin watan Afrilu ke ratsa bangon har ya kai ga ruwa. Na ba TetGen, manhajar da ke cika cikin siffa da raga, siffar, ya ƙi ta, wai fuskoki sun ratsa juna. Da na lallaɓa na sami raga ta wata hanya, sai lissafin ya watse, lambobi suka zama marasa kan gado. Wasu sun ce in bar tet in koma heks, wai shi ya fi inganci. Ina matsalar take, kuma ina binciken da ya isa digiri yake a wanga fanni?

Amsa: Amin, ƙanena. Kada ka yi saurin ɗora wa tet laifi. Alamun da ka lissafa duka suna nuna wuri guda, wato fatar da ka ba manhajar, sannan wasu 'yan tsirarun gutsattsari lalatattu a cikin ragar da ka samu daga baya. Komawa heks ba zai gyara ko ɗaya daga ciki ba.

Mu fara da abin da ke hannunka. Meshroom ragar waje ya ba ka: alwatika dubbai da aka ɗinke gefe da gefe suka rufe siffar, kamar ƙwarya da aka kwashe cikinta. Don nuna hoto wannan ta wadatar, tunda haske a fata yake tsayawa. Zafi kuwa cikin yumɓu yake bi, don haka kana buƙatar ragar ciki, wadda take kamar kankana: duk inda ka sa wuƙa za ka tarar da nama. Ana cika cikin ne da ƙananan gutsattsari da suka manne fuska da fuska, babu giɓi, babu hawa kan juna. Mafi sauƙinsu tetirahidiron, wanda muke taƙaitawa tet: ɗigo 4, gefe 6, fuska 4, kowace fuska alwatika. Sai heksahidiron, wato heks, mai siffar bulo: ɗigo 8, gefe 12, fuska 6. Akwai kuma firizim mai ɗigo 6 da dala mai ɗigo 5, waɗanda galibi ake sakawa a mahaɗar tet da heks.

Ga abin da nake zargi tun farko. Kyamarar waya ba ta ganin cikin randa, duhu ne, kuma baki ya tsuke. Ke nan siffarka falle ɗaya ce, bangon waje kawai, ba ta da kauri. In ka toshe bakin don ta rufu, manhaja za ta cika randar gaba ɗaya, ta ɗauke ta curin yumɓu. In ka bar shi a buɗe, babu ciki babu waje, ba abin da za a cika. Dole ka gina bangon ciki da kanka. A Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, akwai Solidify, wanda zai ba fallen kaurin 1.5 zuwa ciki, amma kada ka yi masa haka a kan ɗanyen abin da ya fito daga hotuna. Fatar cike take da ƙuraje, kuma idan aka tura wurin da ya lanƙwashe sosai zuwa ciki, kamar wuyan randa, alwatika sukan haye juna. Ka fara yanke ƙasan da randar ke zaune a kai, ka rage yawan alwatika, ka daidaita girmansu, sannan ka ba ta kauri. Ka kuma tuna hotuna ba su san santimita ba. Ka auna faɗin baki da tef, ka daidaita ma'aunin siffar da shi, in ba haka ba duk lambar da za ka ba manhaja nan gaba ba ta da ma'ana.

Kafin TetGen ya karɓi fata, sharuɗɗanta sanannu ne: ta rufu ruf, kowane gefe fuska biyu ne kacal suka haɗu a kansa in yanki ɗaya kake cikawa, babu ɗigo biyu a wuri ɗaya, babu alwatikar da ta ratsa wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan rami ɗaya da ido ba ya gani ya isa. Ka buga tetgen -d a kan fayil ɗin, zai fitar maka da fuskokin da suka ratsa juna ka je ka duba su. MeshLab, manhajar dubawa da gyaran raga, ma yana ƙirga ramuka da gefuna marasa ƙa'ida.

Me ya sa TetGen ke da tsauri haka? Domin alƙawarin da ya ɗauka shi ne ya riƙe fatarka yadda take. Hang Si ne ya rubuta shi a cibiyar Weierstrass da ke Balin, kuma ya ginu a kan ƙa'idar da Boris Delaunay ya kawo a 1934: ƙwallon da ya ratsa ɗigo huɗu na kowane tet kada ya haɗiye wani ɗigo a cikinsa. A shimfiɗe, wato 2D, abin da daɗi, kowace siffa mai gefuna miƙaƙƙu da ba su ratsa juna ba tana yankuwa zuwa alwatika ba tare da ƙara ɗigo ba. A 3D ba haka ba ne. Tun 1928 Erich Schönhardt ya nuna wata siffa mai ɗigo 6 kacal, firizim da aka murɗa kansa, wadda ba ta yankuwa zuwa tet sai an ƙara ɗigo. A 1992 Ruppert da Seidel suka tabbatar cewa ko gane siffar da za ta yanku ba ƙari yana cikin matsalolin NP masu tsauri, waɗanda ba a san hanya mai sauri ta warware su ba. Shi ya sa manhaja ke cusa ƙarin ɗigogi, waɗanda ake kira ɗigogin Steiner, kuma tana buƙatar sanin takamaimai ko ɗigo yana sama da fuska ko ƙasa da ita. Wannan tambayar, in ka yi ta da lambobin double na yau da kullum, waɗanda kwamfuta ke datse wa wutsiya, tana iya ba ka amsar ƙarya idan ɗigogin sun kusa kwanciya a shimfiɗa ɗaya. In har za ka rubuta wani ɓangare da kanka, ka ɗauko orient3d da insphere na Jonathan Shewchuk na 1997, ƙananan shirye-shiryen da ke amsa irin wannan tambaya ba kuskure. Kada ka ce za ka yi naka da "in ya gaza 0.000001 sifili ne". Wannan hanyar ta cinye wa mutane da yawa watanni.

Akwai ɗaya mazhabar. A 2018 Yixin Hu da abokan aikinta, ciki har da Daniele Panozzo na Jami'ar Niyok, suka fitar da TetWild, sai fTetWild mai sauri a 2020. Su cewa suka yi fatar da ake samu a zahiri kusan kullum da lahani take zuwa, don haka a bar raga ta kauce wa fatar da ɗan taƙi da aka ƙayyade, a kuma tantance ciki da waje daga ƙarshe da lambar zagaye, wadda ke auna yadda fata ta kewaye ɗigo, dabarar da Alec Jacobson da abokansa suka faɗaɗa a 2013. Sun gwada a kan Thingi10K, tarin siffofi 10,000 da mutane suka ɗora don bugawa a firintar 3D. Ga abin da aka samo daga hotuna, wannan hanyar nake fifitawa. Sai dai ka lura da saitin da yake zuwa da shi. Tsawon gefe kashi 1 cikin 20 ne na layin da ya ratsa akwatin siffar daga lungu zuwa lungu, kaucewa kuma 1 cikin 1000. Akwatin randarka 50 da 50 da 60 ne, layin ya kai santimita 93. Ke nan gefe zai nemi 4.6, ninki uku na kaurin bangon, kaucewa kuma kusan milimita 1. Za ka sami tet ɗaya rak daga waje zuwa ciki, alhali ainihin abin da kake son gani a tsakanin nan yake faruwa.

To nawa ya kamata? Ka nemi hawa 3 ko 4 a kaurin bango, wato gefe na kamar rabin santimita. Cikar tet mai gefuna daidai, wato girman wurin da ya ci, ita ce 0.118 sau gefe sau gefe sau gefe, a nan 0.015 na santimita kubik. Yumɓun bangon, in muka ɗauke shi kamar ƙwallo mai faɗin 50, ya kusa 12,000. Raba ka gani: tet kusan 800,000. A ragar tet ta al'ada kowane ɗigo yana zuwa da tet 5 zuwa 6, don haka ɗigo 150,000 ne ko kusa. Laftof mai RAM gigabait 8 zai ɗauka lafiya lau. Amma ranar da ka raba gefe biyu, adadin ninki 8 zai yi, ka doshi miliyan 6 da rabi. Jerin lambobin ɗigo kaɗai, huɗu ga kowane tet a bait 4, ya haura megabait 100, jerin maƙwabta ma haka, tun ba a zo ga matiriks ba, wato babban jadawalin lambobin da lissafin zai warware. Ka yi duk gwaje-gwajenka a kan raga mai tet 50,000, ka ajiye babbar sai ranar da wuta ta zauna. A TetGen umarnin zai yi kama da tetgen -pq1.4/10a0.015AV. Harafin p na cewa fata ce aka ba shi, a na ƙayyade cikar tet, A na bambanta yankuna in ka haɗa da ruwan ciki, V kuma ya buga maka rahoton inganci. Shi q ɗin shi ne maganar da ke tafe.

Yanzu ga dalilin watsewar lissafinka. Tet mafi kyau shi ne mai gefuna daidai, wanda kusurwar da ke tsakanin kowace fuska biyu tasa digiri 70.5 ce. Amma irinsa zalla ba ya cika sarari. Jera biyar a kewayen gefe ɗaya, za su ba ka 352.6, saura giɓin digiri 7 da ɗoriya. Aristotil ya ce suna cikawa, kuma an daɗe ana bin sa kafin a gane kuskure ne. Ma'ana kowace raga dole ta ƙunshi karkatattu, tambayar ita ce karkatar ta kai ina. Lambar farko bayan q tana auna rabin faɗin ƙwallon da ya kewaye tet a kan gefensa mafi gajarta. Tet mai kyau 0.612 yake bayarwa, TetGen kuma 2.0 yake ɗauka in ba ka faɗa ba. Wannan ma'aunin yana kama masu tsini kamar allura da masu gefe ɗaya guntu. Akwai guda da ke kuɓuce masa, wanda masana ke kira siliba. Ka ɗauki faifai, ka sa ɗigo huɗu a bakinsa kamar kusurwoyin murabba'i, ka ɗan ɗaga ɗaya sama da kaurin farce. Gefuna shidan duka masu tsawo ne, ma'auninsa 0.707, kamar na kirki, amma cikarsa kusan sifili ce, kusurwoyinsa kuma wasu na dab da 0, wasu na dab da 180. Delaunay ba ya ƙin sa ko kaɗan. Shi ya sa aka sa lamba ta biyu bayan karan tsaye, 10 ɗin nan, wadda ke neman kada kusurwa tsakanin fuskoki ta gaza digiri 10. Nema ne, ba lamuni ba. Cheng, Dey, Edelsbrunner da abokansu sun kawo hanyar korar siliba a 2000, amma iyakar da suka tabbatar a lissafi ƙarama ce ainun. Wadda ta zo da lamuni mai amfani ita ce ta Labelle da Shewchuk a 2007, tsakanin digiri 10.7 da 164.8, sai dai ba ta riƙe kaifin gefuna kamar leɓen randa.

Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan lissafi ne ya ce haka. In kana tafiyar da lokaci ta hanyar kai tsaye, wato kowane taku ana samo shi daga na baya kawai, tsawon takun da zafi zai lamunta yana bin kaurin tet mafi sirri sau kansa. Siliba ɗaya da kaurinsa ya yi kashi 1 cikin 100 na sauran zai iya rage takun da ninki 10,000. Ka wuce wannan iyaka, lambobi su fara tsalle sama da ƙasa har su zama NaN, wato "ba lamba ba ce", kuma ina kyautata zaton abin da ka gani ke nan. Magani biyu ne a haɗe: ka koma Euler na baya, wanda ke warware matiriks a kowane taku kuma ba ya fashewa don taku ya yi tsawo, sannan ka gyara ragar. Euler na baya ba ya wanke raga mummuna. Ƙananan kusurwoyi suna sa matiriks taurin kai, mai warwarewa ya yi ta zagaye bai kai ba. Manyan kusurwoyi, masu dab da 180, suna ɓata gangaren zafi, wato ainihin adadin da ke ratsa bango. Akwai ma wani abu da ya shafi zafi musamman: kusurwar da ta haura 90 tana iya juya alamar nauyin da ke tsakanin ɗigo biyu, sai ka ga wani wuri a bango ya fi ruwan ciki sanyi ko ya fi iskar waje zafi, abin da ba ya yiwuwa in babu tururi a lissafin. A 2D ragar Delaunay tana kare ka daga wannan a gefunan ciki. A 3D ba ta yi.

Saboda haka matsakaicin inganci ba ya gaya maka komai. Ka duba mafi muni. Ga kowane tet mai ɗigo a, b, c, d, ka lissafa ditaminan na b−a, c−a, d−a ka raba da 6. Duka su zo da alama ɗaya. Wanda ya saɓa ya kife ne, ko kuma ka karanta fayil ba daidai ba, domin wasu fayiloli daga 0 suke fara ƙirga ɗigo, wasu daga 1, kuma na .msh na manhajar ƙera raga ta Gmsh daga 1 ne. Ka tara cikar duka ka kwatanta da ta fatar. Sannan ka ƙirga ɗigo, ka cire gefuna, ka ƙara fuskoki, ka cire tet. Ga randa marar hannu amsa 1 ce, ga tulu mai hannu ɗaya 0. Kowace lamba daban na nufin akwai rami ko kogo da ba ka sani ba. Daga nan ka buɗe ragar a ParaView, manhajar kallon raga, ka yanka ta biyu da Crinkle clip don ka ga tet ɗin a cike, ka tace waɗanda kusurwarsu ta gaza 5. Kusan kullum a jikin fata za ka same su, inda alwatikar waje ita kanta siririya ce. Tet ba ya fin fuskarsa kyau, kuma in ka sa -Y, wanda ke hana TetGen taɓa fata, ka ɗaure masa hannu ke nan. Kada kuma ka ruɗu da gyaran nan na matsar da kowane ɗigo zuwa tsakiyar maƙwabtansa. A 3D yana iya kifar da tet, musamman a wuri mai lanƙwasa ciki. Gyaran kirki yana haɗa matsarwa da musanya, tet 2 su koma 3 ko 3 su koma 2, kuma ba ya karɓar canji sai mafi munin wurin ya ƙaru.

Sai maganar heks. Waɗanda suka ba ka shawara ba daga iska suka ɗauko ta ba. Tet mai ɗigo 4 yana da tauri fiye da kima idan ana lanƙwasa abu, ko ana matsa abin da ba ya matsuwa kamar roba, kuma injiniyoyi sun daɗe suna gudunsa don haka. Amma wannan ciwon kanikanci ne, kai zafi kake lissafawa. Kuma a 2022 Teseo Schneider da abokansa sun wallafa kwatanci mai faɗi a kan dubban siffofi, inda tet mai ɗigo 10, wanda aka ƙara wa ɗigo a tsakiyar kowane gefe, ya yi kafaɗa da kafaɗa da heks ko ya fi shi a matsalolin da suka gwada. Ga kuma wahalar samunsa. Har yau babu manhajar da za ka ba kowace siffa ta mayar maka da heks zalla masu kyau da lamuni. Ko sharaɗin farko ma abin lura ne: kowane heks fuska 6 gare shi, fuskokin ciki kuma biyu-biyu ake rabawa, don haka adadin murabba'an fata dole ya rabu biyu ba saura. Hanyar oktiri ta Schneiders da ta Maréchal, wadda ke ta raba akwati kashi takwas-takwas, ba ta cika faɗuwa ba, amma mafi munin bulonta a bakin fata suke taruwa, daidai inda kake buƙatar na kirki. Hanyar PolyCube, wadda Gregson, Sheffer da Zhang suka kai ga heks a 2011, tana murɗa siffar ta koma kamar ginin bulo, a yanka, a mayar. Hanyar filin firam, wadda ke fara tsara inda bulo zai fuskanta a kowane wuri, irin CubeCover ta 2011, ita ke ba da raga mafi kyan tsari, sai dai filin kan zo da layukan murɗewa da babu ragar heks da za ta iya bi. Wannan aikin digiri na uku ne na ƙungiya guda, ba na wata goma sha biyu ba.

Abin daɗin shi ne randa ta kusa zama siffar juyi. Ka zana rabin yankan bangonta a Gmsh, manhajar Christophe Geuzaine da Jean-François Remacle, ka raba shi murabba'ai hawa 4, ka juya shi a kewayen tsakiya da Extrude tare da Layers da Recombine. Ka yi juyin kashi huɗu na digiri 90, domin injin Gmsh na asali ba ya karɓar juyin da ya kai 180. Za ka sami heks tsaf, sai firizim kaɗan a gindi inda layin juyi ya ratsa. Ingancinsu da Jakobiyan mai ma'auni ake duba shi: 1 bulo ne cikakke, 0 ko ƙasa ya lalace.

Nan nake ganin bincikenka yake. Randar hannu ba ta da kauri ɗaya, maginiya takan bar gindi da kauri, wuya da sirantaka, kuma bango siriri mai kaurin da ke canzawa matsala ce ta gaske a wannan fanni. Ka ɗauki raga huɗu: tet mai ɗigo 4, tet mai ɗigo 10, firizim da aka jera hawa-hawa daga fatar waje zuwa ta ciki, da heks na juyi. Ka fara da ɓawon ƙwallo, rabin faɗin ciki 23.5, na waje 25, domin amsarsa sananniya ce: idan zafi ya daidaita, yana bin 1 bisa r a miƙe, inda r ke nufin nisa daga tsakiya. Raba gefe biyu ya kamata ya rage kuskure da kusan ninki 4 ga mai ɗigo 4, ninki 8 ga mai ɗigo 10, muddin ɗigogin tsakiyar gefe suna kan lanƙwasar bango ba a kan miƙaƙƙen layi ba. In ba ka ga haka ba, akwai kuskure a shirinka, kada ka matsa gaba. In ya yi, ka koma kan randar gaske ka auna kuskure, lokaci da RAM ga kowace raga.

Abu ɗaya da za ka shirya tun kafin ka yi raga: randa da tururi take sanyaya ruwa, ruwan da ya tsattsafo ta yumɓu iska ta kwashe shi, don haka fatar waje, fatar ciki, leɓe da gindin da ke cikin yashi kowanne da sharaɗinsa. Ka yi musu lamba daban-daban, da Physical Surface a Gmsh ko alamar fuska a fayil ɗin .poly ko .smesh na TetGen. Fayil ɗin STL, mai jera alwatikan fata zalla, ba ya ɗaukar waɗannan lambobi, fTetWild kuma sabuwar fata yake ƙerawa, don haka bayan ya gama sai ka bi kowace fuskar waje, ka nemo alwatikar asali mafi kusa da tsakiyarta, ka kwafo lambarta. Ka haɗa da duba inda fuskar ta fuskanta, domin a bango mai kaurin 1.5 alwatikar da ta fi kusa wani lokaci ta ɗaya gefen ce, musamman a leɓe.